Kukan Kurciya Jawabi Ne: Shugaba da Hawayen Ma'aikacinsa

Ya kai ɗalibi mai karatu, yau kana zaune a kan benci kana sauraron malami, amma kwana nawa ne za ka ga an ɗora maka shugabancin wasu? Wataƙila ma an riga an ɗora maka. Mai yiwuwa kai ne monitan aji, ko kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallo, ko shugaban ɗakin kwanan ɗalibai. Gobe kuma za ka iya zama mai shago da yara a ƙarƙashinka, ko babbar ma'aikaciyar jinya a asibiti, ko shugaban sashe a wani ofis. Za a koya maka lissafin kuɗi da rabon aiki da rubuta rahoto. Amma akwai wata rana guda da ba a cika shirya mutum dominta ba, wato ranar da wani na ƙasa da kai zai fashe da kuka a gabanka, ana tsakiyar aiki. Ra'ayina shi ne, abin da shugaba ya yi a cikin 'yan mintocin nan yana bayyana ko shi wane ne fiye da duk jawaban da yake yi a wurin taro. Kafin in kawo hujjojina, bari in ba ka labarin ranar da ni kaina na fāɗi wannan jarrabawa.

Na taɓa shugabantar sashen harsuna a wata makarantar sakandare. A ƙarshen wani zangon karatu, wata sabuwar malama, wadda ba ta cika shekara da fara aiki ba, ta yi kuskure wajen shigar da makin jarrabawa. Ta ɗauki makin aji ɗaya ta zuba a takardar wani ajin. Na kira ta a ɗakin malamai, a gaban mutum kusan goma, na ɗaga takardar ina nuna mata kurakuran ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe baki za ta yi bayani, sai hawaye suka riga maganar fitowa. Abin ya ba ni haushi, na ce mata, "Malama, share hawayenki. Nan wurin aiki ne, ba gidan makoki ba." Wasu suka yi dariya, ita kuwa ta tattara takardunta ta fita.

Sai bayan mako biyu na ji cewa mahaifiyarta tana kwance a asibiti. Kwana da kwanaki malamar nan tana kwana a kan tabarma a gefen gadon majinyaciya, gari na wayewa ta wuce makaranta. A can asibitin ta shigar da makin, da hasken wayarta, bayan an kashe fitilun ɗaki. Tun daga ranar da na yi mata waccan magana ba ta sake kawo mini wata matsala ba, ƙarama ko babba, kuma da shekara ta ƙare ta nemi a sauya mata wurin aiki. Kuskuren makin bai ɗauke mu awa guda wajen gyarawa ba. Maganata kuwa har yau ban sami hanyar gyara ta ba. Hausawa suna cewa magana zarar bunu ce, wato kamar tsohuwar ciyawar rufin ɗaki take, idan ka zare ta ba ta komawa inda ta fito.

Mene ne hawaye?

Kafin mu yanke wa mai kuka hukunci, ya kamata mu san abin da ke faruwa a jikinsa. A saman kowane ido, ta wajen gefe, akwai wata 'yar tsoka mai tatso ruwan hawaye. Masana sun kasa hawayen gida uku. Akwai waɗanda kullum suke jiƙa ido don kada ya bushe. Akwai waɗanda ke zubowa idan hayaƙi ko ƙura ko yajin albasa ya shiga ido, domin su wanke shi. Na uku su ne hawayen da motsin zuciya ke kawowa, na baƙin ciki ko na takaici ko na murna. Iyakar abin da masana suka gano, ɗan Adam ne kaɗai ke zubar da irin waɗannan na uku. Idan hawaye suka yi yawa, wasu sukan bi ta wata siririyar hanya su gangara cikin hanci, shi ya sa mai kuka yake jan majina.

Abin lura a nan shi ne, sashen jijiyoyin da ke sakin hawaye shi ne kuma ke kula da bugun zuciya da fitar gumi, kuma ba ya jiran umarnin mutum. Saboda haka idan ka daka wa mai kuka tsawa ka ce, "Daina kuka!" kamar ka ce wa manomi a tsakar rana ya daina gumi ne. Sau da yawa ma tsawar ƙara kukan take yi, domin yanzu kunya ta hau kan abin da ke damunsa tun farko.

A shekarar 1872, masanin nan ɗan ƙasar Ingila, Darwin, ya wallafa littafi a kan yadda mutane da dabbobi ke bayyana abin da ke zuciyarsu. A ganinsa hawayen kuka ba su da wani amfani na musamman, biyo bayan matsewar ido kawai suke yi. Masana halayyar ɗan Adam na zamaninmu, irin su Farfesa Ad Vingerhoets na Jami'ar Tilburg a ƙasar Holan, sun saɓa masa. Su a wurinsu hawaye saƙo ne da mutum ke aika wa na kusa da shi cewa abin ya fi ƙarfinsa, yana bukatar taimako. Tun kafin wannan bincike Bahaushe ya ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Aikin shugaba ke nan: ya zama mai hankalin da zai karanta jawabin.

Abin da ya kamata ka yi

Abu na farko shi ne ka natsu. Kukan wani yakan rikita mai kallo, har ya rasa inda zai sa kansa. Daga nan ne wasu shugabanni suke yin faɗa, wasu su mai da abin wasa, wasu kuma su sunkuyar da kai su ci gaba da rubutu kamar ba su gani ba. Duk ukun hanyoyin tserewa ne. Ajiye abin da ke hannunka, ka sassauta murya, ka bari 'yan daƙiƙoƙi su wuce ba tare da ka ce komai ba. Shirun nan ba ya cutar da kowa.

Abu na biyu shi ne sutura, wato rufin asiri. Abin da ya fi ƙona ran babban mutum idan ya yi kuka a bainar jama'a shi ne idanun da ke kansa. Idan a taro ne, sai ka ce, "Mu ɗan huta na minti goma," ka sallami sauran ba tare da ka nuna shi da yatsa ba. Idan a shago ne, ka ce wa wani yaron ya karɓi aikin da ke hannunsa, shi kuma ka ba shi wuri a ciki ya zauna. Ka miƙa masa ruwan sha da hankici. Ka kuma ba shi zaɓi: "In zauna da kai, ko in ba ka wuri?" Wani yana son a tsaya kusa da shi, wani kuwa kaɗaici yake so har ya dawo hayyacinsa.

A nan akwai wata ƙa'ida da ya kamata ka riƙe, musamman idan aiki ko hidimar ƙasa ta kai ka cikin Hausawa. Idan kai namiji ne, mai kukan kuma mace, kada ka taɓa jikinta da sunan lallashi, kada kuma ka kulle ƙofa ku biyu. Ka bar ƙofar a ɗan buɗe, ka tambaye ta ko tana so a kira mata wata babbar mace da ta yarda da ita. Haka ma mace shugaba za ta yi da namiji. Wannan yana kare mutuncinku duka biyu.

Abu na uku shi ne kalmar da za ta fito daga bakinka. Harsunanmu na Nijeriya suna da arziki a nan. Bahaushe yana da "sannu", Bayarabe yana da "pẹlẹ", Ibo kuma yana da "ndo". Kowace ɗaya daga cikinsu tana nufin, "Na ga halin da kake ciki, kuma ya taɓa ni," ba tare da ta ɗora wa kowa laifi ba. Fara da ita. Idan ka ji rashin lafiya ce, ka ce, "Allah ya sawwaƙe," ko "Allah ya ba da lafiya." Idan rasuwa ce, ka ce, "Allah ya jiƙan rai, ya ba ku haƙuri." Amma ka yi hattara da kalmar "yi haƙuri", domin fuska biyu gare ta. Idan ta zo bayan ka saurari mutum, sanyi take sa wa a zuciya. Idan kuwa ka jefa ta tun bai buɗe baki ba, abin da zai ji shi ne, "Yi shiru, ka dame ni." Haka nan ka guji cewa, "A kan wannan ɗan abin kake kuka?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abu na huɗu shi ne sauraro. Kada ka yi saurin ɗauka cewa ka san dalili. Ni na ɗauka malamar nan tana kuka ne don ba ta son gyara, alhali gyaran ɗan tsinke ne da ya faɗa kan kaya masu nauyi da ta daɗe tana ɗauke da su. Yi tambaya a buɗe: "Akwai abin da kake so in sani?" Idan ya faɗa, ka saurara har ya kai aya, kada ka katse shi da labarin irin wahalar da kai ka sha a zamaninka. Idan ya ce ba ya son magana, kada ka matsa. Shugabanci bai ba ka ikon shiga sirrin gidan kowa ba. Ka ce masa ƙofarka a buɗe take duk ranar da ya shirya, ka kuma cika wannan alkawari.

Abu na biyar shi ne riƙon amana. Hausawa suna cewa babba juji ne, kowa ya kwaso shara a kansa yake zubawa. Jujin kirki kuwa ba ya mayar da shara cikin gari. Abin da ma'aikaci ya faɗa maka cikin hawaye bai kamata ya zama abin hira a wurin mai shayi ba. Ranar da ya ji sirrinsa a bakin wani, ka rasa shi, ka kuma rasa duk waɗanda suka ga yadda ka yi da shi.

Idan kai ne sanadin kukan

Wani lokaci gyaran da ka yi ne ya jawo hawayen. A nan shugabanni sukan kasu biyu. Wasu su ƙara zafi don kada a ce sun yi laushi. Wasu kuma su tsorata su janye maganar gaba ɗaya, su ce, "A'a, ba komai, aikinka yana da kyau," alhali ba shi da kyau. Na biyun nan ma cuta ce, domin ka hana mutum sanin abin da zai gyara, kuma kuskuren zai sake dawowa.

Hanya madaidaiciya ita ce ka dakatar da maganar, ba ka soke ta ba. Ka ce, "Na ga maganar nan ta yi maka nauyi. Mu bar ta yanzu, gobe da safe mu ƙarasa." Gobe kuma ka tabbata kun ƙarasa, ku biyu, cikin natsuwa. Sannan ka binciki kanka. Shin gaskiyar da na faɗa ce ta yi ciwo, ko yadda na faɗe ta? A gaban mutane na yi? Na soki aikin ne, ko na soki mutumin? Idan ka ga ka wuce gona da iri, ka nemi afuwa a kan salon, ka bar gaskiyar a inda take. Da na san haka a wancan lokaci, da na kira malamar nan gefe, makin ya gyaru, mutuncinta kuma ya tsira.

Masu ja da wannan ra'ayi

Na san akwai waɗanda ba za su yarda da ni ba, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Na farko za su ce al'adunmu sun ginu a kan dauriya. Gaskiya ne. Tun yaro yana ƙarami ake ce masa namiji ba ya kuka. A wasan sharo na Fulani, ana tsula wa saurayi bulala a gaban jama'a, shi kuwa ko gezau ba zai yi ba. Dauriya hali ne mai kyau, kuma ba na kira da a yar da ita. Amma dauriya ado ce da mutum ke yi wa kansa, ba sanda ba ce da shugaba zai riƙa dukan na ƙasa da ita. Kuma manyan da muke koyi da su sun zubar da hawaye. Musulmi sun san Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim. Kirista kuma sun san Yesu Almasihu ya yi kuka a kan mutuwar Li'azaru. A zamaninmu, a watan Janairun 2016, duniya ta ga shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, yana share hawaye a gaban 'yan jarida sa'ad da yake tuna yaran firamare da wani ɗan bindiga ya kashe a shekarar 2012.

Na biyu za su ce wasu suna amfani da kuka don su kauce wa hukunci. Wannan ma yana faruwa. Amma ka lura, hanyar da na bayyana ba ta bar wa mai kukan ƙarya wata riba ba. An ba shi ruwa, an ba shi lokaci, gobe kuma an dawo kan maganar aikin kamar yadda aka tsara. Idan kukan na gaskiya ne, ka kyautata. Idan na dabara ne, ka yi asarar kofin ruwa da minti goma. Amma idan ka ɗauki kowane mai kuka a matsayin maƙaryaci, za ka wulaƙanta masu gaskiya da yawa don ka kama mayaudari ɗaya.

Na uku za su ce wurin aiki don aiki aka yi shi, shugaba kuma ba likita ba ne. To, ai ko ta fuskar riba aka duba, kula da zuciyar ma'aikaci yana cikin aikin. A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana asarar ranakun aiki biliyan 12 a kowace shekara a duniya saboda ciwon damuwa da fargaba, abin da ke jawo asarar kimanin dala tiriliyan 1. Tun a 2019 hukumar ta bayyana matsananciyar gajiyar da ke cinye ƙarfin ma'aikaci da sha'awarsa ga aiki a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ba a magance ba. Ma'aikacin da ke tsoron shugabansa yakan ɓoye kuskure har ya girma. Wanda ya san za a saurare shi kuwa, da wuri yake kawo matsala, tun tana ƙarama.

Bayan hawaye sun bushe

Lallashi kaɗai bai isa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Washegari ka gaishe shi kamar yadda ka saba, kada ka riƙa kallonsa kamar ƙwai mai shirin fashewa, kada kuma ka hana shi babban aiki ko ƙarin girma saboda ya taɓa kuka. Sannan ka duba abin da ke cikin ikonka. Idan jinya ce, ko za a ba shi hutun 'yan kwanaki, ko a sauya masa lokacin aiki? Idan aikin mutum uku aka ɗora masa, a rage. Idan wani ne ke cin zalinsa ko yake neman lalata da ita, wannan ya wuce lallashi, bincike da hukunci yake bukata. Idan kuma ka ga mutum biyu ko uku sun yi kuka a sashenka cikin ɗan lokaci, to, ka daina duban su, ka dubi yadda kake tafiyar da wurin.

Ka kuma san iyakarka. Idan kukan ya zama na kullum, mutum ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya janye daga mutane, ko ya fara cewa ya gaji da rayuwa, to, lokacin ganin likita ya yi, kuma kada a yi jinkiri. Ƙasarmu tana da asibitocin gwamnatin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a wurare irin su Yaba a Legas, da Aro a Abeokuta, da Kaduna, da Inugu, da Kalaba, da Maiduguri. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin mulkin mallaka. Zuwa wurin irin waɗannan likitoci ba abin kunya ba ne, kamar yadda zuwa wurin likitan ido ba abin kunya ba ne. Faɗa masa haka a keɓe, cikin girmamawa, ka kuma taimaka masa ya sami lokacin zuwa.

Ya kai ɗalibi, ba sai ka sami ofis da kujera mai juyawa za ka fara gwada wannan ba. A ajinku akwai wanda zai yi kuka ranar da aka raba sakamakon jarrabawa. A filin wasa akwai wanda zai zubar da bugun fanareti ya durƙushe yana hawaye. A ɗakin kwana akwai sabon ɗalibi da kewar gida za ta hana shi barci. A irin wannan lokaci sauran yara kai za su kalla, su ga ko dariya za ka yi ko kuwa matsawa kusa za ka yi. Matsa kusa, ka kare shi daga idanun mutane, ka ce masa, "Sannu." Sauran maganar za ta iya jira har gobe.